Layi Biyu a Bangon Ajinki

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, Malamar lissafi mai murmushi kamar hantsi bayan an ɗauke ruwa,

Gaisuwa mai yawa daga mai fentin da kika hana sukuni!

Kin tuna ranar da na fara zana alamomin lissafi a bangon ajinki? Ina kan tsani, buroshi a hannu, kika tsaya a ƙasa kika ce, "Malam mai fenti, layukan alamar daidai ɗin nan, ɗaya ya fi ɗaya tsawo." Na ce ai wa zai lura? Sai kika ba ni labarin likitan da ya ƙirƙiro ta sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Wai gajiya ya yi da maimaita rubuta "daidai yake da", ya ja layi biyu tagwaye, don babu abin da ya fi su kama da juna. Wallahi rabin labarin na ji, sauran kuwa idanunki nake kallo, har fenti ya ɗiga mini a takalmi!

Washegari da gangan na karkatar da alamar tarawa, don dai ki zo. Kika zo kuwa, da muryar nan taki mai kama da iskar damina, kika ce asalinta kalmar "da" ce ta Latinanci, gaggawar marubuta ta ƙanƙance ta. Ranar da kika faɗa mini yadda sifiri ya taso daga Indiya ya biyo hannun Larabawa, gishiri na zuba a shayi. Inna ta ce, "Ɗan nan, wa ya tafi da hankalinka?"

To, furen zuciyata, dabara ta ƙare mini. Jiya hedimasta ya ce, "Bango ɗaya, shafe huɗu? Ranar Alhamis ka kwashe tsaninka." Ina zan sa kaina ranar Juma'a? Yaya gari zai waye ban ji takunki a baranda ba?

Na tari yayanki da ya zo ɗaukarki, na faɗa masa ina son ki da aure. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In ta yarda, ka san ƙofar gidanmu." Kawuna har ya sa an goge masa rigar zuwa neman aure, ke kaɗai muke jira. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma hannuna ba ya zaman banza, kuma zan riƙe ki da amana.

In kunya ta hana ki amsa, ki dai biyo ta gefena kafin Alhamis, ki faɗa mini launin da kike so a ɗakinki. Zan gane.

Naki har numfashin ƙarshe,
Mai fenti