Ƙamshin Jikin Rigar Baba

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Rubutu na yi maimakon waya saboda a ɗan gidan nan namu ko tari ka yi Mama na ji, ga ta cikin takaba.

Wace ce Suweiba, matar da ta zo gaisuwa ta fi mu kuka? Da kunnena na ji ta ce Baba ya rufa mata asiri. Wane asiri? Na dai san yakan ce zai je unguwar Whitechapel "duba wani", ya dawo rigarsa na wani ƙamshi da ba na gidanmu ba. Mutumin da ya raka ni har ƙofar aji ranar da na ce na bar karatu, yana cewa tsoro ba ya kisa, shi ne da ɓoye-ɓoye? Raina ya ɓaci.

Ƙanwarka,
Ummukulthum

Ummu,

Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Na san Suweiba, na kuma san inda yake zuwa. Ya roƙe ni kada in faɗa. Ki bar maganar, ki kula da Mama.

Yayanki,
Maharazu

Yaya,

Barka da aiki. Wato da kai aka ƙulla. Jiya na kasa yi masa addu'a. In aure ya yi a ɓoye, akwai hakkin Mama, har da na matar. Juma'a zan gaya wa Mama, sai dai in ka riga ni.

Ummukulthum

Ummu,

Assalamu alaikum. Allah ya yafe mini saɓa alkawari. Wankan gawa Baba yake yi, na waɗanda suka rasu a nan ƙasar Turawa ba dangi. Ƙamshin kafur ne. Mijin Suweiba ya rasu suna sabon zuwa, Baba ya wanke shi, ya tsaya har aka rufe. Ya ɓoye ne don ya san ƙyanƙyaminki, kada ki daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ni ya koya wa, ni na wanke shi da ya rasu.

Wata tsohuwa ta rasu jiya, ba ta da kowa. Suweiba za ta wanke ta, tana neman mai zuba mata ruwa.

Ki gaida Mama,
Maharazu

Yaya,

Na yi kuka, na yi masa addu'a. Har yanzu tsoro nake ji. Ƙarfe nawa?

Ƙanwarka,
Ummu