Albasar Furen da Ba Ta Tsiro Ba

Zuwa ga ƙanena Namadi, Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya damina? Ni lafiya lau a Jos, bayana ma ya fara sabawa da duƙon lambu.

Albasar furen da na aiko a shuka ƙofar ɗakin Inna, ka ce ka binne, ba ta tsiro ba. Ni ke shuka irinta kullum fa, Namadi. Kuma ƙanwarmu Husaina ta ce ranar da saƙon ya iso miya ta yi ɗaci, duk gida aka wuni ciwon ciki. Tona wurin ka turo mini hoto.

Ga wasu shida, ka danƙa wa Inna a hannu. Ita kaɗai ke tambayar abin da nake nomawa, ina so ta gani da idonta.

Yayanka,
Muttaka