Babban Shafin Malam Bukar

Azare, daren Laraba, 9 ga Yuli

Yau na rama. Tun da safe na ga kuskuren Malam Bukar, shugaban sashenmu na kwamfuta. Ya shimfiɗa babban shafi guda na memori, wato ma'ajiyar bayanai, a kanel, zuciyar manhajar kwamfuta, ya haɗe memorin da ke bi ta kash, ƙaramar ma'ajiyar gaggawa, da na katin hoto mai fitar da hoto a allo, wanda shi ba ya son kash. Na san kwamfutar za ta sandare, na ja bakina na yi shiru.

A gaban ɗalibai ta daskare. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya juyo: "Malam Isa, ko ka ga matsalar?"

Na ce: "Ranka ya daɗe, ni ɗan Giade, ai noma kaɗai na sani."

Maganar da ya yaɓa mini bara na mayar masa. Gyaran layi ɗaya ne kawai a manhajar, kuma yana nan rubuce a aljihuna.