Hannuwan Inna Saratu

Lahadi da dare, Yamai

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ƙafafuna kuma ciwo suke, amma sai na rubuta wannan.

Tun da Fasto ya ɗora mini aikin hotunan majami'armu ta Anglika nake jin haushin mutanenmu. Da na ɗaga waya sai kowa ya ƙame kamar za a yi masa katin ɗan ƙasa. Yau dai na dace. Na kama Inna Saratu tana waƙa, idonta a rufe, hawaye a kumatu. Ban taɓa ɗaukar hoto irinsa ba, har na hango shi a shafinmu na Facebook.

Bayan sujada na kai mata ta gani, ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗiyata, ya yi kyau. Amma ƴan'uwana a unguwar Harobanda sun ɗauka kasuwa nake zuwa kowace Lahadi. Kuma a gidansu nake kwana."

Saura ƙiris da na tura shi shafin tun muna cikin waƙa. Na goge a gabanta, ba don raina ya so ba.

Sai ta tara hannuwanta yadda take karɓar gurasar Jibin Ubangiji, ta ce, "Ɗauki waɗannan. Ba mai gane su sai Shi."

Su na sa a shafin.

Ban taɓa zaton zan gode wa Allah saboda son yabona ba. Amma shi ya kai ni wurinta kafin in danna.