Hannun Wa Ya Dafa Ni a Ɗakin Gwajin Kunne?

Anti, don girman Allah ki taimake ni. Abin nan ba zan iya faɗa wa wanda ya san fuskata ba.

Ni mai fenti ne. Tare da yayana muka tashi a sana'ar. In na hau tsani shi yake riƙe min, kuma kullum a haguna yake tsayawa, don kunnensa na dama ne mai ji sosai. Bara ya rasu bayan ɗan zazzaɓi, Allah ya jiƙansa. Ba a daɗe ba jiri ya fara ɗibana. Ina cikin shafa bango sai in ji ƙasa ta karkace, kuma kullum hagu take ja na. Ko sau ɗaya ba a taɓa ja na dama ba.

Matata ta matsa na je asibiti. Likita ya ce can cikin kunne akwai abin da ke tsayar da mutum daidai, sai an gwada shi. Aka kai ni wani ɗan ɗaki marar taga, gado ɗaya, kwamfuta da ƙaramar tasar ƙarfe. Ma'aikaciyar ta ɗaura min wani tabarau mai kauri, ta rufe shi ruf, ta ce in bar idona a buɗe. Anti, ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ido buɗe amma kamar an turbuɗe ka. Ta zuba ruwa mai ɗumi a kunnena na dama, ta ce in yi ta kiran sunayen 'yan gidanmu da ƙarfi, kada in yi shiru.

Na kira na Inna, na Baba, na ƙannena. Sai bakina ya kira sunan Yaya ban shirya ba. Wallahi a daidai nan gadon ya fara juyawa da ni, sai na ji hannu a kafaɗata ta hagu, ya danna, yadda Yaya yake min in na sauko daga tsani. Ita kuwa muryarta daga dama nake jin ta.

Da ta cire tabaran, ta juyo min da kwamfutar. Hoton idanuna ne da tabaran ya ɗauka, ƙato-ƙato cikin duhu, suna sulalewa hagu a hankali, su fizgo su dawo, su sake sulalewa, kamar yaron da ake kira yana tsoron waiwaye. Na rantse ba ni na motsa su ba. Ta ce saura kunnen hagu. Na ce zan zaga banɗaki, na kwashi takalmina a hannu, ban tsaya ba sai bakin titi.

Matata ta ɗauka an gama gwaji. Har yau ina hawa tsani, yanzu ma wani bene muke wa fenti ta waje. Anti, kirana yake yi? In na koma aka zuba ruwa a kunnen da ke gefensa, me zan ji?

Naki cikin tsoro,
Mai Fenti

Malam Mai Fenti, Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ka haƙurin rashinsa.

Da farko, sauko daga tsanin nan. Yau, ba gobe ba. Sauran maganar za ta iya jira, wannan ba za ta jira ba.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masu yin wannan gwaji. Juyawar gadon da sulalewar idon da suka tsorata ka, su ake nema. Ruwan ɗumi yana motsa abin da ke cikin kunne, lafiyayyen kunne ya amsa, ido ya bi shi ba da izininka ba. A kunnen dama, da ruwan ɗumi, idon kowa hagu yake sulalewa, mai yaya da marar yaya. Kiran sunaye kuwa don kada ka yi gyangyaɗi ne, da sunayen dabbobi ta ce ma ya wadatar. Wato kunnen da aka gwada ya amsa, na hagun da ake zargi kuwa, ka gudu da shi titi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hannun fa? Ba na ɗakin, ba zan yi maka ƙarya ba. Masu gwajin sukan dafa mutum kada ya faɗo, kuma wanda ke tsaye a dama hannunsa zai iya kaiwa hagu. Kafaɗar da aka shekara ana dafawa ma ba ta mantuwa da wuri. Ba na raina kewarka, amma mamaci addu'a yake buƙata, ba rakiya ba.

Ka faɗa wa matarka gaskiya. Ka koma, ka gaya wa ma'aikaciyar abin da ya kore ka, ba kai ne na farko ba. Ka roƙi a bar matarka ta shiga ta dafa kafaɗar hagun tun kafin a rufe tabaran, don ka san hannun wa ke kanka.

Kuma ka tuna, mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana riƙe maka tsani don kada ka faɗo. Da yana da bakin magana yau, abu ɗaya zai ce maka: sauko. Allah ya ba ka lafiya.