Abin da Na Gani ta Gilashin Asibitin Dawaki

Laraba, 9 ga Afrilu

Tun ranar da aka yi wa Koharu tiyata ban dawo daidai ba.

Ranar da hantsi goɗiyar tamu ta hau birgima, wai hanji ne ya murɗe. A asibiti aka ɗaga ta da ƙafafu aka kwantar rigingine. Ni da mijina Shunpei muna kallo ta gilashi. Likita Kuramochi ta zaro hanjin, ta yanke inda ya yi baƙi, ta ja bakin mai rai ta ɗinke a jikin babban hanji, abinci ya samu sabuwar hanya. Shunpei, da aka haifa cikin dawaki, ya sulale ƙasa a sume. Ni da ko kifi ba na iya farkewa, goshina na manne da gilashi har aka rufe cikin.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na bar saurayin cikin littafin da nake rubutawa a tashar jirgi yana jiran budurwarsa, ruwa na dukansa. Ko ta zo ko ba ta zo ba, oho. Hannun likitar kawai nake gani.

Talata, 15 ga Afrilu

Likita ta zo duba ɗinki. Na tambaye ta me ya hana a haɗa hanjin da aka yanke baki da baki. Ta ce guntun da ya saura bai isa ɗinki ba. Ta daɗe tana kallona. Wai suna neman mai taimako, za ta koya mini.

Mama, surukata, ta tuntsire da dariya. "Wannan? Likita, shinkafa na ƙonewa tana can tana yi wa takarda kuka!"

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na gaya wa Shunpei ina son aikin asibitin.

"So kike duk mutanen yankinmu na Hidaka su ce miji ya faɗi, mata ta tsaya?"

"Ai sun riga sun ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce ga dawaki na ta haihuwa, hannu bai ishe su ba. Gaskiya ne. Na share ɗaki, na sake sharewa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Koharu ta fara cin ciyawa. Shunpei ya fi yi mata magana fiye da ni.

Na yanke faratana kakaf, irin na likita. Ba don komai ba, tsawo suka yi. Shunpei ya kalli hannuna wajen cin abinci, ya kau da kai.

Na kira likita. Litinin zan fara.