Mai Gyaran Takalmi da Bindigar Kakansa

Uwargida Astridah Kapambwe,
Ta hannun Nas Bupe Kapambwe,
Layin Bayan Kasuwa, Mfuwe.
Talata, 15 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Mista Whiteson Jere,
Babban Jami'in Kula da Gandun Daji,
Shiyyar Kwarin Luangwa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN TAFIYAR ƘAFA CIKIN DAJI DA KAMFANIN MSIKIZI YA SHIRYA WA MIJINA RANAR JUMA'A MAI ZUWA BA TARE DA MA'AIKACI MAI BINDIGA BA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Yallaɓai yana lafiya tare da iyali da dukkan ma'aikatansa, ni ce mai suna a sama, malamar firamare mai ritaya, 'yar ƙabilar Bemba daga garin Mpika, matar Evaristo Kapambwe, tsohon direban jirgin ƙasa. Ban taɓa kai ƙarar kowa gaban hukuma ba tun da nake. Ga abin da ke tafe da ni:

1. A watan Yulin bana mijina ya ajiye aiki. Duk tsawon shekarun da ya yi yana jan jirgi, ta taga kawai yake hango giwaye, kuma babu ranar da zai dawo gida bai ce wata rana sai ya taka ƙasar da suke takawa ba. 'Ya'yanmu suka haɗa kai suka ce wannan ce kyautarsu gare shi: kwana huɗu a ƙafa a bakin kogin Luangwa, daga zango zuwa zango, ana kwana a tanti. Ni aka ɗora wa shirye-shiryen, domin a gidanmu ni ce mai haƙurin waya. Na nemi kamfani na 'yan ƙasa da gangan, na ce gara namu su amfana. Haka na faɗa hannun kamfanin Msikizi da mai shi, Mista Lackson Shawa.

2. Ranar Litinin, 5 ga Agusta, na buga masa waya karo na farko. Yana jin sunana sai ya kwashe da dariya, ya ce ashe yau bayinsa ne suka tuna da shi. Ba sai na yi wa Yallaɓai bayanin chimbuya ba, ya fi ni sanin wannan wasan barkwanci da ke tsakanin mu Bemba da mutanen lardin Gabas, su Mista Shawa, tun kaka da kakanni. Abokin wasa ya faɗa maka abin da ya ga dama, ba ka da ikon yin fushi, sai dai ka rama. Na kuwa rama. Na ce masa ya wanke hannunsa daga man ɓera kafin ya riƙe waya da ni, domin da cin ɓera muke tsokanarsu, su kuma da cin biri suke tsokanarmu. Bayan mun gama wannan na shiga tambayoyin da suka sa na kira: ko akwai ma'aikacin gandun daji mai bindiga da zai shige gaba, ko akwai rediyon kiran taimako, ko akwai mota a kusa idan wani abu ya faru. Ina so a rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, domin tana nan a kunnena: "Haba Mama, mai bindiga kuma na me? Wane zaki ne zai ci Bemba? Jikinku duk warin naman biri, ko kura ba za ta kusanto ba. Ba mu da mai bindiga, ba mu da rediyo, mota kuwa ga ta nan Allah ya ba kowa guda biyu a ƙasan gwiwa." Yallaɓai, na yi dariya har da hawaye. Wace Bemba ce za ta ji wannan daga bakin mutumin Gabas ta ɗauke shi magana ta gaskiya? Da na matsa masa daga baya, sai ya turo mini hoton wani mutum sanye da koren kaki da hula, riƙe da bindiga a gindin bishiya, ya rubuta a ƙasa cewa ga mai tsaron birai nan. Hankalina ya kwanta, 'ya'yana suka biya, aka sa rana.

3. Mun iso Mfuwe ranar Asabar, 12 ga wannan wata, muka sauka gidan 'yar ƙanen mijina, Bupe, wadda take aikin jinya a nan. Washegari bayan an tashi daga coci na ɗauki takalmin tafiyar mijina da ya ɗan ɗage a dunduniya, na kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin ya ɗago kai zai karɓa, sai na gane fuskarsa. Shi ne na cikin hoton. Tabon da ke saman girarsa ma yana nan. Na zauna a kan bencinsa ba tare da an ce in zauna ba, na fito da wayata na nuna masa. Sunansa Mabvuto Daka, ƙanen matar Mista Shawa ne. Da farko shi ma ya so ya ja ni da wasa, amma da ya kalli fuskata sai ya ajiye basillar hannunsa. Ya ce kakin na yayansa ne da ya rasu, wanda shi ne ma'aikacin daji na gaske. Ya ce bindigar ta kakansa ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma tun yana yaro bai taɓa jin ta yi ƙara ba. Ya ce surukinsa yakan sa shi ya saɓa ta a ɗauki hoto, wani lokaci su zaga da baƙi bayan gari su dawo kafin rana ta take, amma kwana cikin daji bai taɓa yi ba, kuma ga shi an ce shi ne zai shige gaba ranar Juma'a. Na tambaye shi me zai yi idan giwa ta taso musu. Ya ce, "Mama, ni fa da 'ya'ya. Gudu zan yi." Ya sake ɗaukar basillarsa ya shiga ɗinka takalmin mijina.

4. Jiya Litinin da safe na ja mijina muka je ofishin kamfanin, wato ɗakin nan mai shuɗiyar ƙofa kusa da gidan mai. Na yi niyyar magana a natse. Ban kai ƙarshen jimlar farko ba Mista Shawa ya leƙa waje ya kira masu sayar da tumatir da direbobin da ke zaune a inuwa, wai su zo su ga Bemba suna rawar jiki tun ba su ga ko zomo ba. Ya ce wa mijina idan tsoro yake ji ya ɗaura zanen matarsa, za a zaga da shi a keke ya kalli awaki. Jama'a suka yi ta shewa. Na ce masa ya bar wasa, magana ce ta rai. Sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Ku ji ta fa! Tun ranar farko na gaya mata ba mu da mai bindiga. Ku tambaye ta, ƙarya na yi? Dariya ta yi!" Aka sake kwashewa da dariya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, Yallaɓai. Mutumin nan ya gaya mini gaskiya tsirara, amma ya zaɓi ya faɗe ta a inda ya san ba zan taɓa yarda ba. Wasan da iyayenmu suka bar mana don kada mu sake zubar da jinin juna, shi ya mayar mayafin rufe rashin gaskiyarsa. Na ji kunya, na ji haushi, amma tsoro ya fi su duka yawa.

5. Ni da na zaci mijina zai ce a fasa, sai ga shi ya miƙe ya buga ƙirji a gaban mutane. Ya ce jikan masu cin ɓera bai isa ya koya wa Bemba jarumta ba, zai je ko da sanda ce a hannun mai rakiyar, kuma shi zai riga kowa isa zangon ƙarshe. Aka tafa masa. Tun daga nan ya rufe kunnensa. Na roƙe shi, Bupe ta durƙusa masa, babban ɗanmu ya kira daga Kitwe, duk amsa ɗaya: wai in ya janye yanzu, har a gidan makokinsa sai mutanen Gabas sun yi masa waƙa da wannan. Ina so hukuma ta san wane ne wannan jarumin. Shekararsa sittin da shida. Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, sai ka tsaya ta damansa yake jin ka. Gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwashewa sosai, ko matakalar coci sai ya dafa kafaɗata. Kowa a garin nan ya san yadda ake wannan tafiya: mai bindiga a gaba, jagora a bayansa, baƙi a jere ɗaya bayan ɗaya, mai ɗaukar shayi a ƙarshe, kuma abu na farko da ake gaya wa baƙo shi ne kome ya faru kada ya gudu, ya tsaya bayan mai bindiga. Mijina mutum ne mai bin doka, rayuwarsa duka a kan bin doka ya yi ta. Zai tsaya cak kamar yadda aka ce masa. Wanda aka ce ya tsaya a bayansa kuwa ya riga ya gaya mini da bakinsa cewa shi gudu zai yi.

6. Akwai kuma wata magana da ban gani da idona ba, don haka nake faɗar ta da taka-tsantsan. Matar da take kawo wa Bupe kifi ta ce akwai wani tsohon namijin ɓauna da tarkon waya ya yanke wa ƙafa, yana kwanciya cikin ciyayi kusa da mashayar da masu tafiya suke bi, kuma ya riga ya kori masunta daga wurin. Ofishin Yallaɓai zai fi ni sanin gaskiyar wannan. Ni dai na san muna cikin Oktoba, ruwa ya janye, duk wata dabba tana bakin kogi, zafi kuma ya sa kowace a fusace take. Na kuma ji cewa akwai wasu baƙi biyu, mata da miji daga ƙasar waje, da aka haɗa su a tafiyar. Su ba su san chimbuya ba, ban san da wace irin dariya aka rufe musu baki ba, amma na tabbata hoton nan aka tura musu.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Babban Jami'i kamar haka. Na farko, a binciki ko kamfanin Msikizi ya nemi ma'aikaci mai bindiga daga wannan ofishi don tafiyar Juma'a, 18 ga Oktoba, kuma idan bai nema ba a dakatar da tafiyar a ƙofar shiga gandun dajin. Na biyu, idan akwai hali, a ba da ma'aikaci na gaske da rediyo a yi tafiyar yadda ya kamata, domin ba burin mijina nake so in kashe ba, so nake ya ga giwayensa ya dawo ya dame ni da labari. Na uku, a sassauta wa Mabvuto Daka. Talaka ne da ba ya iya ce wa mijin yayarsa a'a, kuma shi kaɗai ne a duk garin nan ya daina dariya da ya ga fuskata. Na huɗu, idan za a hana, a ce hukuma ce ta hana, kada a ce matarsa ce ta kawo ƙara. Ta haka zai iya fita kasuwa da kansa a sama. Bai san na rubuta wannan takarda ba. Yanzu haka yana tsakar gida yana shafa wa takalmin nan mai, yana waƙa.

Idan har Juma'a ta zo ba a yi komai ba, ina sanar da hukuma cewa zan ɗaura zanena in bi layin, in tsaya ta gefen hagunsa inda ba ya ji. Ni ma ba gudu nake iyawa ba.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, na ga sunanka a jikin ƙofa, na san Jere sunan mutanen Gabas ne. Kai ma abokin wasana ne, kuma na san da wata rana ce da tuni ka tambaye ni birai nawa na ci kafin in zo. Kana da wannan haƙƙin a kaina, ban hana ka ba. Amma ka san al'ada kamar yadda na san ta. Idan Bemba ya mutu a ƙasarku, ku ne za ku haƙa kabari, ku ne za ku dafa abincin makoki, ku ne kuma za ku zo ku bulbula wa matarsa garin masara a ka, kuna tsokanarta har sai ta yi dariya. Ba zan yi dariyar ba, Yallaɓai. Ina roƙonka don Allah, ka karanta wannan takarda a matsayin jami'in hukuma, ka aiko mana da mai bindiga kafin Juma'a. In mijina ya dawo da ƙafafunsa, ka zo gidan Bupe ka zage ni yadda kake so, ni zan dafa maka tuwon.

Ina jiran matakin da za a ɗauka, cikin biyayya da matuƙar girmamawa.

Taka mai ladabi,

Astridah Kapambwe (Uwargida)